Akwatin Bappa Manu

A Herwagana, ɗakin da ke kallon masallaci,
Bappa Manu na da akwatin ƙarfe
ɗore kan tubali huɗu saboda gara.
Ba ya buɗe shi sai ya wanke hannu,
ya tsane a gefen riga,
kamar mai shirin karɓar jariri.

Wasiƙu sha ɗaya ne ciki,
masu su sun rasu tun ba a haifi kakansa ba.
Ta farko da kuɗin rigar sanyi ya saye ta,
shekarar da ya je Rasha koyon likitancin dabbobi.
Da bargo a kafaɗa ya ƙarasa ƙanƙarar,
'yan ajinsu na nuna shi da baki.
Sauran sun zo ɗaiɗai ta gidan waya,
wata ta cinye masa bijimi guda.

Na ce, Bappa, me suka rubuta haka,
mutanen da ka ce alƙalaminsu ya girgiza ƙasa?
Ya gyara tabarau, yana bin layi da tsinke,
haruffan sun kwanta gefe guda
kamar gero bayan iska.

Wannan, ya ce, haƙori ke masa ciwo.
Wannan bashi yake nema, zai biya in an buga littafi.
Wannan itace ya ƙare masa,
tawada ta daskare, dubi inda ya dangwala sau biyu.
Wannan kuwa ya soke kalma ɗaya har takarda ta huje.
Shekara talatin ina ɗaga ta ga rana,
ban gano me ya fasa faɗa ba.

Na yi dariya. Bijimi guda don ciwon haƙori?
Ya ce, littafi kwalliyar biki ce,
wasiƙa ke iske mutum bai wanke fuska ba.

Can ƙasa na ga wata da ba ta cikin lissafi,
rubutun ajami, ninkinta ya kusa rabuwa.
Inna ce ta sa malamin Kwami ya rubuta mata:
an samu ruwa, saniya ta haihu,
an ce sanyin can na kashe mutum,
ga kuɗi, ka sayi riga, kada ka yi wasa.

Ya zare ta daga hannuna a hankali,
ya mayar ƙarƙashin Rashawan duka.
Aka kira la'asar. Ya rufe akwati,
ya duƙa yana duba tubalin, ko gara ta hau.