Taswirar Baffa Cindo

A bakin kogi, ƙasan Miga,
in ruwa ya ja baya ya bar laka mai sheƙi,
Baffa Cindo kan jingine gora da koma,
ya karyo kara,
ya ce, "Ku matso, amma kar ku taka mini ƙasa.

Ba Aljanna ba ce,
kar ku haɗa ni da liman.
Wata ƙasa ce kurum, bayan inda rana ke wanke ƙafa,
Wadatau sunanta.
Kwana arba'in a kwalekwale,
in ba ka waiwaya ba."

Sai ya ja layi mai lanƙwasa.
"Kogin madara ne?" in ji Talle, sarkin kwaɗayi.
"Ruwa ne, ɗan nema, ruwa zalla,
sai dai mai tarbiyya.
Yakan zo bakin gona ya yi sallama,
in ba a amsa ba ya koma."

Birnin farko Inuwa-Bakwai,
tsamiya bakwai suka haɗa kai, shi ke nan ganuwa.
Kasuwarsu ran Laraba take ci.
Mudunsu ba lotsa a gindi,
kuma in ka ci bashi,
mai kuɗin ne ke sauya hanya don kunya.

Gabas da nan, tudu.
Kan tudun Rumbu-Dubu,
inda gero ke tsufa har ya yi furfura
ƙwaro bai san ɗanɗanonsa ba.
Jan-baki in sun zo, layi suke yi a kan danga,
a auna musu rabonsu, su yi godiya su tashi.

Kudu, fadama ce shimfiɗe
wadda kachala ba ta san hanyarta ba.
Tarwaɗa na kiwo kamar tumaki,
gargaza na barci da ciki sama.
A tsakiya Tsibirin Shanya,
nan duk abin da ruwa ya taɓa ci
ke fitowa ya sha hantsi:
takalmi wari guda, ƙwaryar awo,
allon da ba a gama wankewa ba,
akuyar Ladidi da igiyarta.

Daga ƙarshe, da ɗan yatsansa na shida,
wanda bai taɓa jan koma ba,
yakan dangwala ɗigo can gefe, inda kogin ya karya kwana.
"Nan fa, Baffa?"
Shiru.
"Ƙauye ne. Bai kai a faɗa ba.
Gida tara da rijiya.
Wata mata na shanya kuɓewa a kan zana."
Sai ya shafe duka da tafin ƙafa:
"Ku tashi, magariba."

Yau ni ke zana taswira a Dutse,
da na'ura, da ma'auni, da hatimin ofis.
Bara, ina tonon tsofaffin takardu,
na ci karo da wata da gara ta ci gefenta,
ta girme ni nesa.
Ga koginmu. Ga kwanar.
Ga ɗigo, da suna a gefensa
wanda ban taɓa jin kowa ya kira ba.

Na kai wa Inna tambaya.
Ta daɗe tana tsince shinkafa kafin ta ce,
"Dela ke nan. Duk sun fita, har sun hau tudu.
Ta ce bari ta kwaso shanyarta."

Na sauka bakin kogi da kara a hannu.
Na ja layin, na kafa tsamiyoyin,
na ɗora rumbuna a kan tudu,
ban manta ko akuyar ba.
Da na zo gefe sai na tsaya:
yatsuna biyar ne,
kowanne ya saba da aiki,
ba wanda aka ajiye don wannan ɗigon.

Ina tsugune ruwa ya taso.
Bai yi sallama ba.