Agogon Luba

A rumfata, bakin Kantin Kwari,
inda nake buɗe cikin agogo da ɗan tsinke,
na rataye biyu a ƙusa ɗaya:
wannan na Kano, wancan na Luba.
Tanimu mai shadda ya leƙo yana dariya,
wai ai bugunsu ɗaya, Sallau, batir kake ɓatawa.
Na ce bar ni da kayana.

Ran da ta sauka ƙasar Ailan
muryarta ta faɗo wayata ana kiran la'asar a Fagge:
"Baba, na iso Galwe. Ruwa ake.
Ba irin namu ba, mai haɗo gabas,
ya watsa kasuwa ya yi gaba.
Wannan yayyafi ne marar zuciya,
ba ya fushi, ba ya gajiya.
Na tsaya a ƙofa ina jira ya ɗauke,
matar gidan ta ce, yarinya, in shi kike jira
a nan tsaye za ki gama digirin."

Kwana uku:
"Sunanta Shibon, amma in ka ga rubutun
sai ka rantse wata ake nufi.
Ko na ce na ƙoshi da shayi
sai ta tambaya sau uku, kamar Gwaggo Asabe.
Dankalin da muke ce wa na Turawa
shi ne tuwonsu.
Ta ce akwai shekarun da ya ruɓe cikin ƙasa,
wasu suka faɗi a hanya, wasu suka bi jirgin ruwa.
Daga nan ta yi shiru,
irin shirun Kaka in an tuna shekarar fari."

Na cire madubin aiki daga idona,
na sake kunnawa.

Kwana takwas:
"Kowa in zai sauka daga bas sai ya gode wa direba.
Ka faɗa wa masu adaidaitar Ƙofar Mata.
Samari na gudu da sanda kamar muciya
suna ɗauke ƙwallo a kanta.
Da dare na wuce wata mashaya, ban shiga ba,
amma goge ya biyo ni har kwana,
da wata ganga ta fatar akuya,
na ce ko daga majemarmu ta fito.
Kowane allo harshe biyu ne,
nasu a sama, Ingilishi a ƙasa,
sai dai na saman, kaɗan ke hira da shi.
Baba, kada ka daina yi mini faɗa da Hausa."

Akwai saƙon da bai kai minti ba.
Wai yajin Inna ya kusa rabi,
wai rana ta leƙo ta fasa.
Ba ta ce komai ba bayan haka.
Amma ni da kunne nake gane ciwon agogo
tun kafin in kwance bayansa.
Ban faɗa wa uwarta ba.
Na sayi barkono mudu biyu a Sabon Gari.

Sai wata Lahadi, sanyi ya fara shigowa:
"Baba, abin naka ya zo.
Daren jiya ƙasar nan kaf
ta mayar da agogo baya da awa guda,
kuma ba wanda ya yi gardama."

Na ƙwalla wa Tanimu kira, ya zo da awo a wuya.
Shekara talatin ina gyara wa mutane lokaci,
ban taɓa mayar da shi baya da gangan ba.
Na sauko da na Luba, na murɗa.

Yanzu ni ke riga ta shiga kowace awa.
In taka ta, in duba ko da ƙaya,
sannan in bar mata.