Bokiti Bakwai

Ni ke buɗe ƙofar nan tun ana neman littafi da kati,
shekara ashirin da shida, in ban ɓata lissafi ba.
Damina a Jos ba ta sallama,
sai dai ka ji ta a kan kwano.
Sai in jera bokiti bakwai a tsakanin kantoci:
ɗaya a Tarihi, biyu a Kimiyya,
uku duk inda ɗigo ya ga dama,
babban na roba kuwa a ƙarƙashin Shari'a,
don nan rufin ya fi yoyo.

Ran Talata aka aiko daga sakatariya,
wai Ciyaman zai zo jibi.
Laraba da sassafe sai ga masu fenti.
Bangon da ke kallon titi ya yi fari fat.
Na nuna musu na baya, mai tsaga da gansakuka,
suka ce wannan ba ya cikin kwangila.

Alhamis, mota goma sha ɗaya da jiniya,
rumfa da kujerun haya.
Aka ce in kau da bokitan.
Na tura su bayan Adabi, inda ba mai leƙawa.
Ciyaman ya zaro littafi saboda mai hoto,
ruwan bara ya manne shafukansa,
ya ja, ya ƙi buɗuwa,
sai ya yi wa bangon littafin murmushi.
Ya ce ilimi gishirin zaman duniya. Aka tafa.
Ya ce kwamfuta arba'in, da janareta,
da sabon rufi kafin azumi.
Kansila Ɗanliti na rubutawa a bayan ambulan.

Da suka watse sun bar mana kwalaben lemo
da allo mai hotonsa, ya fi tagar girma.
Daidai tagar Kachollom aka kafa shi,
ita da ke takowa daga Tudun Wada
tana haddar sunayen ƙasusuwa don jarrabawar jinya.
Yanzu tun la'asar take kunna fitilar waya.

Baba Inusa, da ya ƙare ƙuruciya a ramin kuza,
yana nan da hular sanyinsa,
yana bin jaridar watan jiya da yatsa.
Nanpon da Sabi'u na kan littafin lissafi ɗaya,
kafaɗa na gogar kafaɗa,
alhali iyayensu sun daina ratsa unguwar juna.
Wannan teburin bai taɓa shiga jawabi ba.

Azumi ya zo, ya tafi. Aka yi layya.
Na je sakatariya sau tara da takalmin nan.
Fayil na kan tebur. Fayil ya hau sama.
Mai sa hannu ya tafi Abuja.
Wani akawu ya tausaya, ya nuna mini kasafin:
ga mu can ƙasa, a cikin "da sauransu",
bayan tayar mota, bayan labulen ofis.
Ya ce, Malam Barau, ka yi haƙuri,
littafi ba ya dangwala ƙuri'a.

To, ga zaɓe ya sake ƙaratowa.
Farin bangon nan ya cika da fastoci,
fuska kan fuska, kowa na dariya.
Takardar mai kyau ce, mai sheƙi, ruwa ba ya cin ta.
Nakan jira magariba in ɓamɓaro su a hankali,
in yanka daidai, in naɗe littattafan da suka tsufa.
Ƙamus ya samu Ciyaman.
Lissafin yaran nan ya samu Ɗanliti.
Ban taɓa ganin sun yi mana aiki kamar haka ba.

Jiya wani sabon ɗigo ya fara a kan teburina.
Gobe in an biya albashi
zan biya ta Taminus in taya na takwas.