Amanar Masu Dako

Ƙarfe huɗu da rabi a Rotterdam,
ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Waya ta yi haske: an toshe wani mashigin teku a gabas.
Jirage za su yi dogon zagaye,
kowace kwantena an ƙara mata kwana goma sha biyu.

Kuɗin da nake juyawa ba nawa ba ne.
Fanshon masu aikin tashar jirage ne, mutum dubu talatin,
har da na babana, Wiebe,
da ya shekara arba'in a saman injin ɗaga kaya
har wuyansa ya daina juyawa hagu.

Bara mun zuba a lantarkin iska,
don gwamnati ta ce tana bayanmu.
Zaɓe ya zo, kujera ta sauya mai zama,
alkawari ya bi ruwa.
Injinan na nan suna juyi a teku,
jarinsu ne ya zauna.

Ƙarfe tara, Ravindra ya shigo da kofi biyu da takarda ɗaya.
Ya ce, "Liesbeth, harajin kan iyaka ya cinye motoci,
takunkumi ya riƙe wuyan mai,
bankuna sun yi lamo suna jiran kuɗin ruwa.
Dubi wanda ke hawa."
Na duba. Masu ƙera makamai ne.
Ya ɗaga kafaɗa: "Faɗuwar wani, tashin wani."

Na san haka. Shekara goma sha tara ina cin abinci da wannan magana.
Gemun maƙwabci ya kama wuta, na shafa wa namu ruwa:
na rage jirage, na ƙara alkama,
tagulla kaɗan, zinare na ajiyar tsoro,
sai magunguna, don ko ana yaƙi ana ciwo.

Da rana na kira Baba.
Yana bakin tagarsa a Maassluis yana ƙirga jirage.
"Yau bakwai kacal," in ji shi. "Lafiya dai?"
Na ce lafiya.
Ya ce, "Babban jirgi ba ya kwana da gaggawa, yarinya."
Bai tambayi kuɗinsa ba. Bai taɓa tambaya ba.

Kasuwa za ta tashi ƙarfe biyar da rabi.
Takardar Ravindra na nan a gefen tebur,
ƙasan kofi ya bar mata zobe,
daidai inda ake sa hannu.