Takardar Naɗin Tsire

Arzika mai tsire na bakin Ƙofar Rini
ya naɗe min naman ɗari biyar
a shafi na tamanin da huɗu.
Da na cinye na shimfiɗa takardar bisa gwiwa,
mai ya ratsa ta har fitila na leƙowa ta baya,
sai ga miji da mata na yumɓu
kishingiɗe kan murfin akwatin gawa,
suna murmushi kamar an yi musu albishir.

Na koma na ce, Arzika, ina sauran?
Ya ce, rabi ya bi masu saye gida.
Ya miƙo abin da ya rage,
ba bango, ba sunan mai shi, sai ƙamshin ƙuli.

Itiruskawa ake ce musu,
su kuwa Rasna suke kiran kansu.
Can ƙasar Italiya, tun Rum ba ta yi haƙora ba,
birni goma sha biyu, kowanne da tudunsa.
Wani ya ce yunwa ta koro su daga gabas:
yau a ci, gobe a yi wasa a manta da ciki,
shekara sha takwas, har rabinsu suka hau ruwa.
Wani ya ce sam, nan suka tsiro kamar giginyar fadama.
Shafin da zai raba gardamar
tun shekaranjiya ya tafi Mabera da balangu.

Daga dama suke jan alƙalami zuwa hagu,
hanyar da hannuna ya fara sani.
Baƙaƙen na karantuwa, baki na iya furta su,
ma'anar ce ta sulale, ta bar riga a hannu.
Abin da aka kamo kaɗan ne,
yawancinsa kuma daga bakin kushewa:
uwa, ɗa, matar wane, shekara kaza, ya rasu.
Na yi shiru.
In an rage harshena zuwa tafin hannu,
waɗanne kalmomi za su kwana?

Inna Hajo na kai wa hoton tukwanensu,
baƙaƙe wuluk, masu sheƙi kamar ƙarfe.
Ba ta ko aje maɓugi ba.
Ta ce, iska suka toshe, hayaƙi ya shige jikin ƙasa,
uwata ma ta iya.
Ta daɗe dai tana kallon hannun tulun,
sannan ta ce, wannan mai haƙuri ce.

Arzika kuwa hantar tagulla na nuna masa,
an tsaga ta gida-gida, kowane gida da suna,
wai a nan suke karanta nufin sama.
Ya goge hannu, ya matso da fitila.
Ta tunkiya ce, in ji shi, ga maɗaciya nan,
wanda ya ƙera ta ya taɓa riƙe wuƙa.
Shekara talatin ina buɗe ciki,
ban taɓa karanta komai a hanta ba
sai ko dabba ta sha mugun ruwa.
Gaibu na Mai shi ne.
Amma bai yage shafin ba.

Ganye na ƙarshe shi ya hana ni barci.
Littafinsu mafi tsawo, a kan ƙyalle aka rubuta shi.
Wani a Masar, da bai san me ke ciki ba,
ya keta shi tsiri-tsiri
ya naɗe gawar wata mata.
Sauran littattafan, masu gata, duk sun ruɓe.
Wanda aka wulaƙanta shi ya iso.

Wuta ta ɗauke, zafi ya kore mu tsakar gida.
Luba na fifita, ta jingina da kafaɗata,
tana dariyar abin da ban ji farkonsa ba.
Ban motsa ba, kada hoton ya ɓaci.
Gobe zan koma Ƙofar Rini,
in sayi na ɗari biyu,
in ga da me za a naɗe min.