Ɗigon Bayan Ido

Ana sallame Asuba na nufi fadamar Baturiya,
madubin hangen da ɗana ya aiko daga Dutse
na lilo a wuyana kamar laya.
Ilu ya riga ni, yana zazzage gura.
Ya ce, "Malam, yau ma ƙirgar 'yan shawagi?"

Haka yake kiran su, su duka,
fararen nan masu tokar baya
da ke sunkuyo wa ruwa kamar mai tsintar allura,
su tashi ba su jiƙa ƙirji ba.

Littafina ya ce iri uku ne.
Ɗaya na da ɗigo bayan ido,
kamar an dangwala mata tawada.
Ɗaya kwallinta ya zarce har ƙeya.
Ta ukun baki gare ta mai kauri,
fara take bi a gonar shinkafa.
A takarda kowa da kamarsa.
A sama, wa zai tsaya maka?

Wai can garinsu, lokacin sheƙa,
wata baƙar riga take sawa, wata baƙar hula.
Nan kuwa sai su zo mana
kamar alhazai cikin harami,
ba ka raba attajiri da ɗan dako.

Shekara talatin ina duba jini a Kirikasamma,
ina raba ƙwayar zazzaɓi da dattin gilashi.
Na ɗauka idona ya ƙoshi.
Ga tsuntsuwa ta mai da ni ɗan aji ɗaya:
na rubuta "mai ɗigo", na soke,
na rubuta "mai kwalli", ta juya,
rana ta shiga tsakaninmu.

Ilu ko kai bai ɗaga ba.
"Waccan ta kan turke, gaban kacalla,
ba ita ce ta jiya ba.
Ta jiya sauri gare ta, kamar ta bar tuwo a wuta.
Wannan nauyin fiffike,
ga kuka kamar ƙyauren langa-langa."

Na buɗa shafi na ɗari da tara.
Haka aka rubuta, da dogon Turanci.

Na miƙa masa madubin.
Ya leƙa, ya ja tsaki, ya mayar:
"Wannan ai sai ya ba ka tsuntsu
ya ƙwace maka fadama."

Na koma gida da karfasa biyu,
da suna ɗaya da na tabbatar,
da alamar tambaya huɗu.
Tabawa ta ce, me aka samo?
Na ba ta kifin.
Sauran na sa ƙarƙashin matashi.