Saƙon da Ba Mai Karɓa

Ƙarfe biyun dare a Jekadafari.
Gari ya yi tsit, sai janaretanmu
da karen gidan mai facin taya.
Ni kaɗai a ɗakin sanyi,
suwaita kan atamfa a tsakiyar bazara,
gaban babbar na'urar da ba ta san barci ba.

Aikina ba wuyar faɗa:
in rubuta umarni,
in ja ɗan layi a tsaye,
in rubuta wani a bayansa.
Abin da na farko ya tofar, na biyu ya cafe,
ya tankaɗe a rariya,
ya miƙa wa na uku tsabar.
Bututu muke ce masa,
ko da yake bai taɓa jiƙa kowa ba.

A cikinta ayyuka ne birjik,
kowane da sunansa, kowane da ƙofarsa.
Wannan na tsaron layin Kumo,
wancan na sauraron numfashin reshen Bajoga,
akwai wanda ba ya komai
sai ƙirga waɗanda suka yi shiru.
Ba sa ganin juna.
Saƙo ne kaɗai ke shiga tsakaninsu,
ni ce mai cewa: kai, bi nan. Kai kuma, can.

Gado na yi.
Babana Hammadikko, ɗan kamasho a tashar Dukku,
bai san baƙin boko ko ɗaya ba,
amma ya san wasiƙar da za ta shiga aljihun wane direba.
Yakan ce saƙo ba ya ɓata,
sai dai a ba wanda ba can ya nufa ba.

Daren nan na ga wani layi ya kumbura.
Saƙo dubu huɗu da ɗari shida da sha ɗaya
cirko-cirko a ƙofa guda,
ba wanda ya ce musu ku shigo.
Na duba sunan ƙofar.
Yila.

Oga Yila, mutumin Kaltungo,
wanda ya koya mini zaman kujerar nan,
mai cin gyaɗa yana tara ɓawon a aljihu
don kada iskar fanka ta kai wa na'ura.
Shi ya gina aikin, ya raɗa masa sunansa,
don in layin Nafada ya yi tari cikin dare
shi zai fara ji.
Ya ajiye aiki. Bara da damina ya rasu.
An rufe ƙofarsa, an raba kofinsa da kujerarsa,
ba wanda ya tuna ya gaya wa bututun.

Tun daga ranar Nafada ke aiko masa:
na faɗi.
Na tashi.
Na faɗi, ruwa ya taɓa waya.
Na tashi.

Gyaran kalma ɗaya ne.
A goge suna, a sa na aikin da ke raye.
Yaron da ya zo jiya ma zai iya.
Amma yatsana ya tsaya kan maɓalli
har shayina ya huce, ya yi fata.

Na tuna jakar Baba, bayan sadakar bakwai,
da muka zazzage ta kan tabarma:
goro biyu da suka bushe, tikitin mota,
da wasiƙa guda zuwa Deba,
sunan mai ita ya goge da gumi.
Tana nan a ƙasan akwatin Inna.
Ba mu buɗe ba, ba mu kuma yar ba.

Na karanta na Nafada, ba duka ba,
kamar ɗari biyu, har idona ya yi yaji.
Sannan na goge Yila, harafi huɗu,
na buɗe musu wata ƙofar.
Suka kwarara kamar awakin da aka cire wa ƙyaure.

Ladanin Bolari na gyaran murya
sabo ya faɗo kan allona, shi kaɗai:
Nafada, na tashi.

Na ji, na ce da ƙarfi,
a ɗakin da ba kowa.